Burga mai madogara: Lissafin 'yan karta da ke aiki a cinikin masara a Kiru

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora da kaka, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, ya san wannan ciniki. Mai saye ya taya buhun masara, manomi ya ce albarka. Ya ƙara kaɗan, manomi ya juya ya ce wa yaronsa a ɗaure buhunan a mayar gida. Daga nan sai kallon-kallo, kowa na auna ɗan'uwansa: da gaske yake, ko burga ce?

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, an daɗe ana nazarin wannan tsayuwa a jami'o'in Amurka, kuma daga teburin karta aka faro. A 1944 masanin lissafi John von Neumann da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya kafa ilimin dabarun gasa. A ciki sun yi amfani da kartar foka suka nuna cewa burga ba hauka ba ce. Wanda ba ya burga ko kaɗan, nan da nan ake karance shi.

Sai dai a faɗi gaskiya tun farko. Foka caca ce, Musulunci ya haramta ta, dokar Shari'a a Kano ma ta hana. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024 da ya soke dokar caca ta tarayya ta 2005, Hisbah ta ce za ta ci gaba da rufe shagunan caca. Lissafin kawai muka zo ɗauka.

A nau'in da ake kira Texas Hold'em, karta 52 ce. Kowa na riƙe da biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya daki-daki: uku, ɗaya, ɗaya. A wanda ba shi da iyaka, mutum na iya tura duk abin da ke gabansa a lokaci guda. Burga iri biyu ce. Akwai ta wofi, inda hannunka babu komai, kana fatan abokin karawa ya tsorata ya ajiye. Akwai kuma wadda marubuci David Sklansky ya shahara da bayaninta, mu kira ta burga mai madogara: a yanzu kana baya, amma kartar da za a buɗe na iya ɗaga ka sama.

Ga misali. An buɗe uku, kana da karta huɗu masu tambari ɗaya, saura guda ka cika biyar. Kowane tambari karta 13 gare shi, ke nan tara suka rage cikin 47 da ba ka gani ba. Damar ɗaya daga cikinsu ta fito a buɗi biyun da suka rage kusan kashi 35 ce cikin 100.

A ce 100 ne a tsakiya, kai ma 100 ya rage maka, ka tura duka. Da burgar wofi ce, sai abokin karawa ya riƙa ajiyewa sau ɗaya cikin biyu kafin ka tsira da uwar kuɗi. Amma da madogara, ko ya biyo ka, tarin ya zama 300, kashi 35 na wannan kuwa 105 ne. Wato a jimlar wasanni da yawa ba ka faɗi ba, kuma duk sanda ya ajiye riba ce tsantsa. Idan buɗi ɗaya ya rage, damar ta koma ƙasa da kashi 20. Bayan an buɗe ta ƙarshe kuwa, madogara ta ƙare, sai burgar wofi.

Mu koma kan buhun masara. Manomin da ya ce a mayar gida shi ma hanya biyu yake hange. Ko mai saye ya kira shi ya ƙara, ko ya adana har bazara farashi ya tashi. Ajiyar nan ita ce kartarsa tara.

To amma 'yan foka sun san wuraren da wannan dabara ke tashi a banza, kuma kusan duk suna da takwara a kasuwa. Idan mutum uku ko huɗu ke cikin wasan, da wuya duk su ajiye. Haka ranar da masara ta cika kasuwa daga Doguwa da Tudun Wada, mai sayen da zai kai Dawanau ba zai bi ka ba, zai matsa ne ga buhun maƙwabcinka. Akwai kuma abokin karawar da ba ya ajiyewa ko me ka yi, shi ɓata lokaci ne yi masa burga.

Wanda ya fi ciwo shi ne mai madogarar da ba zai iya jira ya gan ta ba. Manomin da ya ci bashin takin zamani, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya a gaba, ko ya mayar da masara gida yau, mako mai zuwa zai dawo da ita. Dillalan ƙauye sun san gidan kowa. A ganina nan ne yawancin burgar ƙananan manoma ke mutuwa, domin sirrinsu a fili yake tun kafin su buɗe baki. Ga kuma batun ƙwari. Rumbun da ba a gyara ba, ko buhun da ba mai hana iska shiga ba, kan cinye ribar tun kafin bazarar ta zo.

Sannan akwai kuskuren ƙirga. Ɗan karta kan lissafa tara, alhali wasu daga ciki in sun fito abokin karawarsa za su fi taimaka wa. Shekara da shekaru an saba hatsi na tashi bayan kaka, har mutane suka ɗauke shi kamar doka. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin masara ya yi ta sauka, waɗanda suka tara da tsada suka sayar da asara. Lissafinsu na kan shekarun baya, ba su sa kartar da Abuja ke riƙe da ita a ciki ba.

A nan ne ma kasuwa ta fi foka wuya. Karta 52 ce ba ta ƙaruwa, shi ya sa a 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000, har da yi musu burga. Farashin masara kuwa ya rataya ne a kan damina, da canjin dala, da buƙatar masu abincin kaji, da sanarwar da za a iya yi gobe da safe a rediyo. Manomin Kiru da ya ce a ɗaure buhu a bana, yana yi ne da farashin bara a ransa, da bashin takin da ke jiran sa a gida.