Kwanon da ke Tsallaka Katanga

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina shekaru talatin baya, ya san abin da ake gani a lungu da zarar an idar da sallar magariba. Yara ne ke ta kai-komo da kwanuka rufe da faifai, wannan ya fito daga gidan nan ya faɗa wancan. Sunan abin ciyayya. Uwargida ta kwashe tuwo, kafin ma ta zuba na 'ya'yanta sai ta ware malmala biyu na maƙwabciya, ta ce wa yaro, "Maza kai gidan Inna, ka ce ina gaishe ta." Kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Ko dambu ne, ko ɗan fate, sai an zubo.

Sai da na girma na gane hikimar da ke ɓoye a ciki. Tun da kullum kwano yana tafiya yana dawowa, ranar da aka wayi gari wani gida bai ɗora tukunya ba, kwanon zai zo kamar yadda ya saba, ba tare da an roƙa ba, ba kuma wanda zai ce an yi wa wani sadaka. Maƙwabciyar da ta ga hayaƙi bai tashi ba sai ta ƙara malmala ta yi shiru. Yaran gidan su ci su kwanta, maigida ya fito sallar asuba da mutuncinsa.

Yau ga shi muna cikin irin lokacin da aka tanadi ciyayya dominsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya tashi, ya ja farashin hatsi. A tsakiyar 2024, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari. A Kano har afafata, tsakin shinkafar da a da kifi ake ba, ta shiga tukunyar mutane. Kakanninmu sun ga abin da ya fi wannan, sun ga yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973. Sai dai su a lokacinsu katanga gajeriya ce. Yanzu mun yi gini mai tsawo, mun sa ƙofar ƙarfe, ana girki da gas, hayaƙi ba ya tona asirin kowa.

Wanda irin wannan matsi ya fi yi wa illa sau da yawa ba ya bara. Malamin firamare ne da albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata. Tsohon ma'aikaci ne mai jiran fansho. Bazawara ce da ta fita takaba da marayu huɗu, ko ɗan tireda da iyali suka cinye jarinsa. Su ne ake kira masu rufin asiri. Za ka gan su da wankakkiyar riga a sahun gaba, in ka ce "Ya gida?" su ce "Alhamdu lillahi." Irin waɗannan ba za su taɓa shiga layin rabon shinkafa ba, ko da yunwa za ta kashe su.

Layin kuwa shi ma ya ci rayuka. A watan Maris na 2024 mutane sun mutu a turmutsutsun rabon sadaka a Bauchi. A Disambar wannan shekarar yara 35 suka rasu a Ibadan wajen wani taron da aka yi alkawarin rabon kuɗi da abinci, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake yin irinsa a Abuja da Okija ta Jihar Anambra. Ba na zargin niyyar masu bayarwa. Amma tara mayunwata dubbai a ƙofa ɗaya ganganci ne. Ga kuma wani sabon salo da ke ci mini tuwo a ƙwarya: a miƙa wa tsohuwa taliya ƙwaya biyu, a ce ta ɗaga ta kalli waya, kafin la'asar hotonta ya karaɗe Facebook da TikTok. Taliyar za ta ƙare a daren, hoton yana nan jikokinta za su gani.

Hanyoyin da ba sa buƙatar layi suna nan birjik, kuma yawancinsu ba sai attajiri ba. Kowane mai shagon unguwa yana da littafin bashi, shi ya fi mai unguwa sanin gidan da ke cikin wani hali. Mutum zai iya zuwa da dare ya ce, "Malam, duba littafin nan, wanda ka ga ya fi jigata ka soke naira dubu biyar a nasa, kada ka ce ni ne." Ya taimaki mutum biyu ke nan, domin shi ma mai shagon bashin nan ne ke karya shi. Haka ake yi a kemis, haka a wurin mai markaɗe. Mata masu adashi sun daɗe da sanin wata dabarar: wadda kwasarta ta zo ta bar wa wadda haihuwa ko jinya ta taso wa, ita ta koma ƙarshe. Ba ta yi asarar ko kwabo ba, ta dai jinkirta.

Akwai ma alherin da bai wuce barin mugunta ba. Mu ne za mu shiga babban kanti mu biya abin da aka rubuta ba musu, mu fito mu tsaya muna ja-in-ja da tsohuwa mai kuka da daddawa a kan naira hamsin. Mu ne za mu sa ɗan ga-ruwa ya cika mana randuna, ko mai wanki ya yini yana cuɗa, mu ce ya dawo gobe, alhali da kuɗin nan zai yi awon dare. Biyan ɗan ƙwadago kafin ya bar ƙofar gida, a wannan zamani, ciyarwa ce.

Zakka ita ma da za a fitar da ita yadda aka shar'anta, da an rage. Ɗaya cikin arba'in ne a kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin goma a amfanin gonar damina, ɗaya cikin ashirin a na ban-ruwan da aka sha wahalarsa. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin karɓa da rabawa. Abin da nake gani shi ne, gara a haɗa wa mutum ɗaya abin da zai sayi keken ɗinki ko injin markaɗe da a yayyafa wa mutum ɗari abin da ba zai kai su jibi ba.

Mutanen Maiduguri sun nuna iyakar inda maƙwabtaka ke iya kaiwa. Lokacin da Boko Haram ta tarwatsa garuruwan Borno a 2014, mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane ne, dangi da waɗanda ba dangi ba. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya ci rabin gari, aka sake komawa gidan jiya: unguwannin da ke kan tudu suka buɗe zaure da ɗakuna, matasa suka shiga ruwa suna fito da tsofaffi, mata suka ɗora manyan tukwane. Da yawa cikin masu saukar da baƙin su ma da ƙyar suke ci sau biyu.

Mai son farfaɗo da ciyayya a lungunsu, kada ya jira sai ya ji labarin wani gida ya kwana da yunwa, domin kwanon da ya zo a ranar kaɗai sunansa sadaka, mai rufin asiri kuma zai ji nauyinsa. A fara tun ana da shi, a aika gidan mai hali da gidan marar hali duka. In aka mayar da kwanon da 'yar gyaɗa soyayya a ciki, a karɓa a yi godiya, a kuma ce wa yaron da aka aika ya rufe da faifai, kada ya tsaya a hanya.