Daga Takarda Zuwa Murya: Marubucin Hausa da Batun Littafin Sauraro, Bisa Misalin Zangunan Anaca, Inugu da Fatakwal

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da marubucin ƙagaggun labaran Hausa yake aunawa kafin ya amince a mayar da littafinsa murya. Abin nufi da littafin sauraro a nan shi ne rubutaccen littafi da aka karanta a bayyane, aka naɗi karatun, domin a saurara ta rediyo ko kaset ko wayar hannu. An ɗauki misali daga Hausawan da ke zaune a kudu maso gabas da yankin Neja Delta, musamman masu hada-hada a kewayen Kasuwar Relief ta Anaca, da mazauna Ama Hausa a Inugu, da na Fatakwal, saboda a irin waɗannan wurare ne buƙatar ta fi fitowa fili.

2.0 Waiwaye

Karanta littafi ga jama'a daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Malamai da almajirai sun daɗe suna rera waƙoƙin ajami a zaure da kasuwa, kuma bayan da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, mai ilmin boko ɗaya kan karanta wa taro. Littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, su ma an gina su ne bisa salon mai ba da labari da baki.

Da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, gidajen rediyo suka shiga karanta littattafansa kashi-kashi. Shirin Rai Dangin Goro, wanda Ahmad Isa Koko ya shahara da shi, ya kai labaran marubuta da yawa ga kunnuwan da ba su taɓa riƙe littafin ba. Daga 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya riƙa karanta zaɓaɓɓun labaran gasar Hikayata ta mata. A yau karatun ya yaɗu a YouTube da WhatsApp da Telegram.

3.0 Masu Sauraro a Zango

Dalilai uku ne suka sa murya ta fi takarda isa ga mazauna waɗannan zanguna. Na farko, nisa: cibiyar buga littattafan Hausa da sayar da su tana Kano ne da Zariya, kuma littafi ba ya cikin kayan da fatake suka fi damuwa da ɗaukowa. Na biyu, yanayin sana'a: mai sayar da albasa, da mahauci, da ɗan dako, da direban babbar mota, duk hannuwansu da idanunsu na kan aiki, kunne ne kawai a sake. Na uku, karatu: da yawa daga cikin 'yan ci-rani ajami suka sani, yaran da aka haifa a can kuwa suna jin Hausa a gida amma ba safai ake koyar da rubutunta a makarantunsu ba. Ga irin wannan yaro, littafin sauraro yana iya zama kafar da za ta sada shi da karin magana da kalmomin da babu su a Hausar kasuwa.

4.0 Matsalolin Harshe

Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatun zuci yana iya wucewa ba tare da ya yanke hukunci ba, amma mai karatu a bayyane tilas ne ya zaɓa. Kalmar kuka tana iya zama hawaye ko bishiya, bisa ga karin gaɓar ƙarshe. Gari yana iya zama birni ko niƙaƙƙen hatsi, bisa ga tsawon wasalin farko. Haka kuma jimlar ya tafi tana ɗauke da fuska uku: shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, da na biyu, da kuma umurni ko fata. Idan makaranci ya kuskure, ma'anar da marubuci ya nufa ta sauya, mai sauraro kuma ba shi da shafin da zai koma ya duba.

Akwai kuma batun karin harshe. Basakkwacen da ya saba da shina da mi yana iya karanta yana da me yadda aka rubuta, amma lafazinsa zai ba taurarin labarin wata kama dabam. Wannan na iya ƙara wa labari armashi, yana kuma iya mayar da Bakanon tauraro baƙo a garinsa. Saboda haka zaɓen makaranci wani ɓangare ne na aikin adabin kansa.

5.0 Haƙƙi da Riba

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta keɓe wa marubuci ikon kwafar aikinsa da watsa shi da sanya shi a intanet, tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Sai dai naɗaɗɗiyar murya tana da nata haƙƙin dabam na shekara 50, wanda a ƙa'ida yake hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗin. Ma'ana, marubucin da ya ba da izini da fatar baki yana iya wayar gari labarin nasa ne, muryar kuwa ta wani ce. Dokar ta tanadi cewa mallaka wa wani haƙƙi, ko ba shi izini na shi kaɗai, sai a rubuce.

Ta fuskar kuɗi, YouTube na raba kuɗin talla ne da mai tasha, bayan ya cika sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Idan tashar ba ta marubuci ba ce, rabonsa ya dogara ne ga yarjejeniya. Sannan da zarar an sauke karatun, masu tura waƙoƙi da finafinai a bakin kasuwa kan zuba shi a katin waya, ya bi hannu zuwa hannu ba tare da ko kwabo ya koma Kano ba. A ɗaya ɓangaren kuma, marubucin da ya ƙi bai tsira ba, domin ana iya karanta littafinsa ba da saninsa ba, da muryar da bai zaɓa ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa shawarar marubuci ta rataya ne a kan abubuwa huɗu: wa zai karanta, wa zai mallaki naɗin, na tsawon wane lokaci, kuma yaushe za a saki muryar bayan fitowar littafin. Ya kamata a rubuta waɗannan a takarda, marubuci kuma ya saurari karatun kafin a sake shi. Ga manazarta harshe kuwa, waɗannan naɗe-naɗe taska ce ta karin sauti da lafazi wadda rubutu bai adana ba, kuma ya dace sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su fara tattara su, tare da binciken yadda Hausawan zangunan kudu suke karɓar su.