Buɗe Hokkaido ga Masu Yawon Buɗe Ido a Lokacin Korona da Abin da Ya Biyo Baya

Hokkaido tsibiri ne a can arewacin Japan. Faɗinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, amma mazaunansa ba su wuce miliyan 5 da ɗoriya ba, kusan miliyan 2 daga cikinsu kuma suna birnin Sapporo. Bayan noma da kiwo da kamun kifi, yawon buɗe ido na daga cikin manyan hanyoyin samun abincin jama'ar yankin. Da rani baƙi kan zo gudun zafin Tokyo, da sanyi kuma su zo wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a wurare irin su Niseko.

Wannan ni'ima ce ta fara jawo wa tsibirin cutar korona. A ranar 28 ga Janairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a can, wata baƙuwa da ta zo yawo daga birnin Wuhan na ƙasar Sin. Mako guda bayan haka aka buɗe bikin dusar ƙanƙara na Sapporo, wanda ya tara kimanin mutum miliyan 2. Kafin ƙarshen Fabrairu, Hokkaido ya zarce kowane yanki na Japan yawan masu cutar. Gwamna Naomichi Suzuki ya sa aka rufe makarantu, ya kuma ayyana dokar ta-ɓaci a ranar 28 ga wata. Dokar ba ta da ƙarfin tilasta wa kowa, roƙo ne kawai, amma jama'a suka bi. Cutar ta lafa, aka janye dokar a ranar 19 ga Maris.

Janyewar ta zo a mugun lokaci. Washegari aka shiga hutun kwana uku, sannan ƙarshen Maris lokaci ne da ake sauya wa ma'aikata wuraren aiki a Japan, ɗalibai kuma suke komawa garuruwan da za su yi karatu. Mutane suka ɗauka an gama, aka koma zirga-zirga tsakanin tsibirin da manyan biranen kudu. Ba a cika wata guda ba, a ranar 12 ga Afrilu, gwamnan da magajin garin Sapporo suka sake ayyana dokar, kuma wannan zuwan cutar na biyu ya fi na farko tsanani.

Babban gwajin ya zo da rani. Masu otal da gidajen abinci da direbobi sun jigata, domin an hana baƙin ƙasashen waje shiga Japan. Gwamnatin ƙasar ta ware yen tiriliyan 1.35 ga wani shiri mai suna Go To Travel, wanda ya fara a ranar 22 ga Yuli. A ƙarƙashinsa hukuma kan ɗauke wa matafiyi har rabin kuɗin tafiyarsa, wani kaso ta hanyar rangwame, wani kuma ta takardun sayayya da zai kashe a garin da ya sauka. Da farko an cire Tokyo saboda yawan masu cutar a can, amma a ranar 1 ga Oktoba aka shigar da ita. Ya kamata a tuna cewa duk wannan ya faru ne kafin a sami allurar riga-kafi, wadda ba a fara yi a Japan ba sai Fabrairun 2021.

A Hokkaido sanyi kan sauka da wuri. Da shigar Nuwamba kowa ya rufe tagogi ya kunna abin ɗumama ɗaki, ciye-ciye da hira duk sun koma cikin gida. Abubuwa uku da likitocin Japan suka yi ta gargaɗi a kansu tun farkon annobar, wato wurin da iska ba ta ratsawa, da cunkoso, da hira kusa da kusa, sai suka haɗu a lokaci ɗaya, musamman a unguwar shaƙatawa ta Susukino da ke Sapporo. A cikin watan masu kamuwa suka haura 200 a rana, daga baya suka kai 300. A ranar 24 ga Nuwamba aka cire Sapporo daga shirin.

Inda abin ya fi muni shi ne Asahikawa, birni na biyu a girma a tsibirin. Cutar ta ɓarke a cikin asibitoci kansu, majinyata da ma'aikata suka kamu, har a watan Disamba aka tura ma'aikatan jinya na rundunar tsaron ƙasa su kai ɗauki. Nan ne hatsarin buɗe irin wannan yanki yake. Baƙo zai yi kwana uku ya koma birninsa mai tarin asibitoci, cutar kuwa ta zauna wa masu masauki, waɗanda da yawansu tsofaffi ne a garuruwa masu nisa da juna. In asibiti ɗaya ya tsaya a irin wannan wuri, mai naƙuda da mai ciwon zuciya ma sun rasa inda za su nufa.

Har yanzu ana muhawara kan yawan laifin da shirin tafiye-tafiyen yake da shi. Gwamnati ta daɗe tana cewa babu hujjar da ta nuna shi ya yaɗa cutar, amma kwamitin ƙwararrunta, ƙarƙashin Dakta Shigeru Omi, ya nemi a sake duba shi tun a Nuwamba. Gaskiya sanyi ma yana da nasa kason. Sai dai biyan mutane kuɗi su yi yawo saƙo ne da ke cewa hatsari ya wuce, kuma jama'a sun fi jin wannan saƙo fiye da gargaɗin da ke biye da shi. Firaminista Yoshihide Suga ya dakatar da shirin a duk faɗin ƙasar daga ranar 28 ga Disamba. Bikin dusar ƙanƙara na 2021 a intanet aka yi shi, kuma sai a Oktoban 2022 Japan ta sake buɗe ƙofa sosai ga baƙin waje.

Rufe yanki har abada ba mafita ba ce, domin yunwa ma kisa take yi. Abin da ya kamata hukuma ta auna kafin ta buɗe shi ne gadajen asibiti da ma'aikatan da ke ƙasa, da yanayin da ke tafe, da kuma iyakar da in an kai ta za a ja birki ba tare da jiran gardamar siyasa ba. Matafiyi kuma yana da nasa nauyin. Duk wanda zai yi tafiyar shaƙatawa a lokacin da wata annoba ke yawo, ya bincika halin da garin da zai je yake ciki, ya yi riga-kafi in akwai, ya guji cunkoso a ɗakin da ba iska, in kuma ya ji zazzaɓi ko tari ya fasa tafiyar ko da ya riga ya biya kuɗin mota da masauki.