Ɓatan Ajiyar Waya a Cikin Kwamfuta da Hanyoyin Gano Ta

Ɗalibin da ya fita bincike a wannan zamani ba ya rataya rakoda da jakar kaset kamar yadda magabatansa suka yi. Wayar da ke aljihunsa ita ce rakodarsa, ita ce kyamararsa, ita ce kuma littafin da yake rubuta sunayen mutanen da ya gana da su. Sai a tarar hirar da ya yi da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin niƙa, da muryar makaɗin da tsufa ya ci ƙarfinsa, da hotunan takardun ajami da wani malami ya yarda aka ɗauka sau ɗaya tak, duk suna ƙunshe a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. In aka sace wayar a tasha, ko ta faɗa ruwa, ba kuɗinta ne babbar hasara ba, domin waya ana sayen wata, amma tsohuwar nan mai yiwuwa ne a koma a iske ƙasa ta rufe idonta.

Saboda haka ne masu hangen nesa sukan jona wayarsu da kwamfutar gida lokaci-lokaci, su kwafe abin da ke cikinta. Wannan kwafi shi ake nufi a nan da ajiyar ko-ta-kwana. To, amma akwai tashin hankali na biyu da yakan biyo bayan na farko, wato a sayo sabuwar waya, a jona ta, a nemi ajiyar domin a mayar da kaya, sai manhaja ta nuna babu kome. Sau da yawa ajiyar tana nan daram, manhajar ce take neman ta inda ba ta. Bayanin da ke tafe ya taƙaita ne a kan iPhone ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 2007, domin tsarin ajiyarta ɗaya ne a ko'ina, saɓanin wayoyin Android da kowane kamfani yake da nasa.

Siffar Ajiyar

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ajiyar ba ta yi kama da abin da suke tsammani ba. Mai nema yakan zaci zai ga jaka da sunan wayarsa, a ciki ga hotuna a gefe, ga muryoyi a gefe. Ba haka abin yake ba. Sunan jakar lambar shaidar wayar ce, wadda a tsofaffin wayoyi take da haruffa da alƙaluma 40 a cakuɗe, a waɗanda suka fito daga 2018 kuwa 24 ne da ɗan karan ɗori bayan na takwas. Tun daga iOS 10 ta 2016, idan aka buɗe jakar akan ga ƙananan jakunkuna da yawansu yake iya kai 256, kowace da suna mai harafi biyu, daga 00 zuwa ff, a cikinsu kuma dubban fayiloli masu dogayen sunaye marasa ma'ana. Wanda bai sani ba yana iya ɗaukar wannan duka a matsayin tarkace, ya share domin ya sami fili, alhali kuwa aikinsa na shekara guda ya share.

Waɗannan sunaye ba da ka ake raɗa su ba. Manhajar takan ɗauki ainihin sunan fayil tare da mazauninsa a cikin waya, ta bi da su ta wani lissafi da ake kira SHA-1, abin da ya fito shi ne sabon sunan. A tare da su akwai fayiloli huɗu masu sunan kirki, su ne kuma makullin al'amarin. Manifest.db shi ne rajistar da ta nuna wane dogon suna ne yake wakiltar wane fayil. Manifest.plist yana ɗauke da bayanin ko an kulle ajiyar da kalmar sirri. Status.plist yana nuna ko kwafin ya kammala. Info.plist kuwa ana iya buɗe shi kamar kowane rubutu, a karanta sunan wayar da ranar da aka yi ajiyar ƙarshe, kuma ta nan ne ake rarrabe ajiyar wani da ta wani in gida guda ake tarayya a kan kwamfuta ɗaya.

Inda Take Zaune

A kwamfuta mai Windows mazauni biyu ne, kuma wannan shi kaɗai ya isa ya ɓatar da mutum. Manhajar iTunes da aka sauko da ita daga shafin Apple tana ajiyewa a cikin jakar AppData, a shiga Roaming, sa'an nan Apple Computer, sai MobileSync, sai Backup. Ita AppData a ɓoye take, ba a ganin ta sai an umurci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun abubuwa, ko a rubuta %appdata% a gurbin nema. Amma iTunes da aka fara bayarwa ta kantin Microsoft a 2018 tana ajiyewa ne a wata jaka dabam mai suna Apple, wadda take kai tsaye a cikin jakar mai kwamfutar, sa'an nan MobileSync da Backup. Ke nan wanda ya yi ajiya da ta farko, daga baya ya koma ta biyu, yana iya wayar gari ya ga wayam, ba don an taɓa kayansa ba. Maganin wannan ba shi da wuya: a kwafi jakar mai dogon suna daga tsohon mazauni zuwa sabon. Sai dai a lura, dole ne ta zauna kai tsaye a cikin Backup. In aka cusa ta cikin wata jaka, ko da an raɗa mata suna mai kyau don tsari, manhajar ba za ta gan ta ba.

A kwamfutar Mac mazaunin ɗaya ne: Library, sai Application Support, sai MobileSync, sai Backup. Tun 2011 aka ɓoye Library daga idon mai amfani, a 2019 kuma aka cire iTunes ɗungurungum, aikin ajiya ya koma hannun Finder. Manhajar ce ta tafi, ajiyoyin suna inda suke.

Akwai waɗansu dalilai da suka fi waɗannan sauƙi, har mutum ya ji kunyar kansa in ya gano. Kowane mai shiga kwamfuta da sunansa yana da tasa jakar, saboda haka ajiyar da aka yi da sunan wa ba za ta bayyana ba in an shiga da sunan ƙane. Wani kuma ya taɓa karkatar da ajiyar zuwa faifan waje saboda ƙarancin fili, ya manta, faifan kuwa yana cikin durowa. Hanya mafi tabbaci in an rasa ta cewa ita ce a sa kwamfuta ta nemi sunan Manifest.db a cikin faifan gaba ɗaya, har da ɓoyayyun wurare. Neman yakan ɗauki lokaci, amma duk inda wannan fayil ya fito, nan ajiya take. Ga ajiyar da ta girmi 2016, sunan da za a nema shi ne Manifest.mbdb.

Jakar Windows.old ma ta cancanci a leƙa ta. Idan aka sabunta Windows, ko mai gyara ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa ba tare da ya wanke faifan ba, tsofaffin kayan tsarin, wani lokaci har da jakar mai kwamfutar, sukan taru a can. Amma ba ta daɗewa, domin bayan sabuntawa kwamfutar da kanta take share ta in an yi kwana 10.

In Da Gaske An Share Ta

A nan ne gaggawa take ɓarna. Abu na farko shi ne a duba kwandon shara, da kuma Time Machine ga mai Mac in yana amfani da ita. In babu, to a daina amfani da kwamfutar nan take. Dalili kuwa shi ne, a tsohon faifai mai juyawa share fayil tamkar cire katin littafi ne daga durowar laburare: littafin yana kan kanta, sai dai an ba da izinin a ɗora wani a gurbinsa. Duk abin da aka sauko da shi bayan haka, har da ita kanta manhajar ceton, yana iya faɗawa a wannan gurbi. Shi ya sa manhajojin ceto irin su Recuva da PhotoRec ake tayar da su daga wani faifai dabam, abin da suka tsamo kuma a zuba shi a wani wuri dabam. Sabon faifai na SSD kuwa bai cika ba da wannan dama ba, domin akwai umurnin TRIM da yake sa a wanke gurbin jim kaɗan bayan sharewa.

Ko a faifai mai juyawa, da wuya a tsamo dubban fayiloli cif-cif yadda za a mayar da su cikin waya. Amma ɗalibin bincike ba wayar yake nema ba, muryoyin yake nema, kuma a nan akwai abin farin ciki. In ba a kulle ajiyar ba, suna kawai aka canza wa fayilolin, cikinsu yana yadda yake. PhotoRec ba ta dogara da suna ba, tana gane fayil ne ta alamomin da ke farkonsa, saboda haka tana iya fito da hira da hoto ko da rajistar ta salwanta. Saura aikin saurare ɗaya bayan ɗaya domin a san wace ce wace, aiki mai cin rai, amma ya fi komawa ƙauye.

An Same Ta, Ta Ƙi Buɗuwa

Da zarar an yi ido biyu da jakar, kafin a taɓa kome, a kwafe ta zuwa faifan waje. Wannan ya zama wajibi musamman in tsohuwar wayar ce aka gyara aka wanke, domin lambarta ba ta canza ba, kuma manhajar ba ta buɗe sabuwar jaka duk lokacin da ta yi ajiya, tsohuwar take yi wa kwaskwarima. Jona wayar da babu kome a cikinta yana iya sa a shafe cikakkiyar ajiya da wadda ba ta ƙunshi kome ba.

Daga nan cikas uku ne aka fi cin karo da su. Ajiyar da aka yi da sabuwar iOS ba ta shiga wayar da ke ɗauke da tsohuwa, sai an sabunta wayar tukuna. Ajiyar da ɗaukewar wuta ko zamewar igiya ta katse tana iya zama guntuwa, manhaja ta ƙi karɓar ta, ko da yake ana iya tsintar fayilolin da suka riga suka shiga. Na uku shi ne kalmar sirri, kuma shi ne mai wuya. Kulle ajiya abu ne mai amfani, domin kulalliya ce kaɗai take ɗauke da kalmomin sirrin da ke cikin waya da bayanan lafiya, amma in an manta kalmar, ko kamfanin Apple ba shi da hanyar buɗe ta. Daga iOS 11 ta 2017 an ba da damar cire tsohuwar kalma daga wayar da ke hannu domin a yi sabuwar ajiya, sai dai wannan bai shafi ajiyar da aka riga aka kulle ba. Abin da ya rage wa mai ita shi ne ya yi ta gwada kalmomin da ya saba amfani da su, tun da ba a ƙayyade yawan gwaji ba. Mai Mac kuma ya duba ma'ajiyar kalmomin sirri ta Keychain, domin in ya yarda kwamfutar ta riƙe masa kalmar ranar da ya kulle, to a can take rubuce.