Mai Sayar da Mataccen Aku da Ya Zagaye Duniya

A shekarar 1988 gidan talabijin na BBC ya so a gwada wani abu: ko mutum zai iya zagaye duniya cikin kwana 80 ba tare da ya hau jirgin sama ba, kamar yadda Jules Verne ya ƙaga a littafinsa. Sun fara tuntuɓar Alan Whicker, gwanin shirye-shiryen tafiye-tafiye na lokacin, ya ce a kai kasuwa. Daga baya aikin ya faɗo hannun Michael Palin, wanda Ingila ba ta san shi da komai ba sai barkwanci.

An haifi Palin a garin Sheffield ranar 5 ga Mayun 1943, ya karanta tarihi a jami'ar Oxford, a can kuma ya haɗu da Terry Jones. Su biyu da wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar Monty Python, wadda shirinta ya fara fita a 1969. Wasansu da ya fi shahara shi ne na mai kantin tsuntsaye. John Cleese, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya dawo da akun da ya saya yana cewa matacce aka ba shi, Palin kuma ya kafe cewa tsuntsun hutawa kawai yake yi. Ana buga akun a kan tebur, mai kanti na ƙara kawo hujja. Wanda zai iya kare gawar aku fuskarsa ba alamar dariya, ai zama da kowane irin mutum ba zai gagare shi ba.

Tafiyar kwana 80 ta tabbatar da haka. Da shi da tawagarsa suka isa Dubai jadawalinsu ya riga ya wargaje, sai suka shiga wani jirgin ruwa na katako mai suna Al Shama, mai dakon kaya zuwa Bombay. Ma'aikatansa talakawan Gujarat ne na ƙasar Indiya. Babu ɗaki, a kan buhunan kaya ake kwana, makewayi kuwa wani akwati ne da aka rataya a jikin jirgin, teku na gudu a ƙarƙashinka. Kusan mako guda suka yi a ruwa. Turancin matuƙan kaɗan ne, shi kuma bai iya yarensu ba, amma ya ci abincinsu, suka yi ta yi masa dariya yana taya su. Akwai inda ya ɗora wa wani dattijo a cikinsu na'urar sauraron kaset a kunne, ya kunna masa waƙar Bruce Springsteen, kyamara ta tsaya a kan fuskar tsohon. Babu wani tsohon gini ko dutse a wannan kashi na shirin, amma shi masu kallo suka fi riƙewa. Bayan shekara 20 Palin ya koma neman mutanen, ya sami kyaftin ɗin da wasu daga cikinsu a garin Mandvi. Jirgin kam ya riga ya nutse.

A tafiyar ta kwana 80, ya dawo Landan a rana ta 79. Kulob ɗin Reform, inda tafiyar ta fara, ya hana shi shiga da kyamara, ya ƙarasa shirin a bakin titi.

Daga nan ƙafa ta ƙi zama. A 1991 ya taso daga ƙuryar arewacin duniya ya nufi ta kudu, ya ratsa Tarayyar Sobiyet ana saura kwanaki a yi yunƙurin juyin mulkin Agusta. Sai gaɓar tekun Fasifik, sai duwatsun Himalaya, sai Brazil, har Koriya ta Arewa a 2018 da Iraƙi a 2022. A shirinsa na Sahara da aka nuna a 2002 ya shigo Nijar, ya halarci taron makiyaya na Ingal tare da Wodaabe, ya bi ayarin raƙuman Abzinawa cikin hamadar Tenere.

A ganina sirrinsa ɗaya ne: shi yake zama abin dariyar. Turawa da yawa sun zo ƙasashen mutane da kyamara suna nuna baƙin al'adu kamar kayan kallo. Palin shi ne baƙon da ke kasa hawa raƙumi, mai karya harshe wajen gaisuwa, masu gida kuma su ne gwanaye. Yana kuma da haƙurin saurare, wanda ba na raba ɗayan biyu ya samo asali daga gida, domin mahaifinsa mai tsananin i'ina ne. Bayan ya fito a matsayin mai i'ina a fim ɗin A Fish Called Wanda na 1988, wasu sun ji haushi. A 1993 aka buɗe cibiyar kula da yara masu i'ina a Landan da sunansa, yana kuma tallafa mata.

Masana taswira da binciken ƙasa ma sun karɓe shi, ya shugabanci ƙungiyarsu ta Royal Geographical Society daga 2009 zuwa 2012, aka ba shi lambar girma ta Sir a 2019, shekarar da aka yi masa aikin zuciya. Matarsa Helen, wadda ya aura tun 1966, ta rasu a Mayun 2023. Shekarar da ta biyo baya tashar Channel 5 ta nuna sabon shirinsa: tsoho ɗan shekara 80 a Najeriya, daga kwalekwalen Makoko a Legas har birnin Kano.