Wasiyyi da Gidan Gado a Agege

A Zangon Agege, inda Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro, akwai gidajen haya masu ɗakuna jere da juna waɗanda kakanni suka bari. Maigida na rasuwa sai hankali ya koma kan wasiyyi, mutumin da mamacin ya damƙa wa amanar dukiyarsa. Da yawa suna ɗauka shi ne sabon mai gida, alhali riƙon amana kawai yake yi.

A dokar Legas, kafin ya sayar da ko ɗaki ɗaya, sai ya kai wasiyyar sashen gado na Babbar Kotun jiha, kamar wanda ke Ikeja, an tabbatar da ita. Daga nan zai iya karɓar kuɗin haya, ya gyara rufi, ya biya basussukan mamaci, kuma in bashin ya yi nauyi, ya sayar da gidan. Idan wasiyyai biyu ne, ɗaya ba ya sayarwa shi kaɗai. Magajin da ya ga alamar cuta yana da damar neman kotu ta tilasta a kawo lissafi.

Wani ƙulli kuma: a fiƙihun Malikiyya wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Amma a 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar Musulmi da ta saɓa wa wannan ƙa'ida. Shi ya sa iyalai da dama suke fara kai maganar gaban malamai da dattawan unguwa kafin a nemi lauya.