Su wane ne masu yin magani da kiɗa?

A asibitoci da dama na Turai da Amurka akwai ma'aikatan lafiya da kayan aikinsu ganga ce da jita da murya.

Sukan taimaka wa masu shanyewar ɓarin jiki su daidaita takunsu da bugun kiɗa, su kuma yi amfani da waƙa wajen farfaɗo da maganar da ta ɗauke.

Haka aka yi wa Gabrielle Giffords, 'yar majalisar Amurka da aka harba a ka a shekarar 2011.

Karatu da lasisi

Sana'ar ta kafu ne a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ilin da aka lura cewa kiɗa na sanyaya ran sojojin da ke jinya.

An fara koyar da ita a matakin digiri a jihar Michigan ta Amurka a 1944, aka kuma kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa a 1950.

Galibinsu makaɗa ne da suka ƙara da karatun halayyar ɗan Adam da aikin asibiti. A Amurka sai ɗalibi ya cika awa 1,200 na horo kafin jarrabawa, a Birtaniya kuwa sai da digiri na biyu da rajistar hukuma.

Garaya da goge

A ƙasar Hausa, mafi kusa da wannan aiki shi ne na makaɗan bori, masu garaya da masu goge.

A wajen masu wannan al'ada kowane iska, kamar Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima, yana da nasa take, kuma makaɗi ne ke kaɗa shi a lokacin girka.

Makaɗin kan gaji sana'ar ko ya koya a hannun maigida. Ba shi da takarda, shaidarsa kawai sanin taken.

A tsohuwar masarautar Gobir, mace mai sarautar Inna ce ke shugabantar 'yan bori.

Matsayin malamai

Sai dai a yankin Wurno da Rabah da Goronyo, wannan al'ada ta daɗe tana fuskantar adawar malamai.

A Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, kuma ya bar rubuce-rubuce kan ilimin magani.

Ƙanwarsa Nana Asma'u ta gargaɗi mata game da bori, ta kuma tura jajis ƙauyuka suna karantar da su ta hanyar waƙe.

Malamai na kallon kiran iskoki a matsayin shirka, wanda babu shi a aikin asibiti.

Abin da bincike ya nuna

Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017 ya gano cewa haɗa kiɗa da maganin da aka saba bayarwa na rage ciwon damuwa, aƙalla na ɗan lokaci.

Ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba.

Nan ne haɗarin yake ga iyalai: mai farfaɗiya ko taɓin hankali da aka tsaya yi wa kiɗa kawai na iya tsananta kafin a kai shi asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware, maƙwabciyar Wurno.